Wasiƙa daga Sakkwato: ajinmu na finafinan ban tsoro

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya ruwan sama? Mu nan zafi ke gasa mu, ko fanka ka kunna iskar wuta take hurowa. Su Inna duk lafiya lau, sun ce a gaishe ka.

Ka tuna daren da munka kalli fim ɗin matsafa a gidan kallo na Mabera, ka ƙi komawa gida kai kaɗai sai da na raka ka har bakin zaure? To wai ni ne yanzu ake ba maki kan kallon irin waɗanga finafinan. Zangon nan muna da kwas na nazarin fim, sati uku ke nan muna kan finafinan ban tsoro, wallahi da farko na ɗauka hutu munka samu, ashe aiki ne ja, minti ɗaya na fim sai mu cinye awa guda a kansa, a tsayar a maido baya a sake tsayarwa har ka ji fim ya fita ranka.

Ranar Talata malam ya sa mana Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960, wurin da ake kashe matar a banɗaki tana wanka. Kiɗan goge ne kawai ke tsuwa, kamar ana kartar ƙarfe da ƙarfe, Bernard Herrmann sunan wanda ya tsara shi. Wata a layin gaba tuni ta ja hijabi ta rufe fuska. Sai malam ya maido baya ya kashe sautin gaba ɗaya ya ce mu sake kallo. Mutumina ka san dariya anka yi? Tsoron duk ya zube. Sannan ya ce mu ƙirga sau nawa anka yanka hoto, wato anka sauya daga wani hoto zuwa wani, munka yi ta ƙirga muna ɓacewa, sun haura 50 a ɗan wurin nan. Ga wuƙa, ga baki a buɗe, ga hannu, ga ruwa na zuba, amma ka ga wuƙar tana huda jiki yadda kake rantsuwa ka gani, babu. Kanka ne ya haɗa sauran. Jinin ma cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne wa zai gane.

Ya kuma nuna mana Nosferatu na Jamus, 1922, ko magana babu a ciki, inuwa ce kawai ke hawa matakala da zaƙo-zaƙon yatsu.

Ni duk wanga bayani sai ya tuno min da kaka, Allah shi jiƙanta. Shekara nawa tana mana tatsuniyar Dodo, ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta zayyana mana kamarsa ba, sai dai ta rage murya, ta yi shiru, ta daki tabarma. Kowa da Dodon da ya ƙera a kansa. Na faɗi haka a aji, malam ya ce a kansa zan rubuta asamen ɗina, in kwatanta da finafinan aljanu na Hausa. Can ne matsalar take a ganina, minti biyar da farawa an fito ma da aljani ya sha hoda da jan ido yana ƙyaƙyata dariya, to me ya rage ka ji tsoro?

Kada ka ce na zama jarumi fa. Daren jiya ina kallo a waya da iyafis, anka ɗauke wuta, sai na ji ana kartar ƙyauren ɗaki a hankali. Duk addu'ar da na iya sai da na karanto kafin in haska tocila. Akuyar maƙwabta ce ke susa.

In ka tuna sunan fim ɗin nan na Mabera ka turo min ta WhatsApp kafin Alhamis, ina son in saka shi a asamen ɗin. Ba zan ambaci wanda anka raka gida ba.

Naka,
abokinka na Sakkwato