A kawo likitan ƙwaƙwalwa kusa da gida

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in yi magana kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, don mu nan Daura har yau ba mu gani a ƙasa ba.

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya nuna hanya a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya sauke masu taɓin hankali a ƙauyukan kusa da asibiti tare da 'yan uwansu, da rana a duba su, da dare su kwana cikin mutane. Wallahi abin da muke buƙata kenan. Ɗan maƙwabcinmu ya shekara biyu da mari a ƙafa har wurin ya yi kanta, ana ta cewa iskoki ne, ashe ciwo ne mai magani, yanzu allura ɗaya yake karɓa duk wata ya koma kan kekensa na ɗinki, amma fa kuɗin mota zuwa Kano ya kusa cinye jarin babansa.

Ina roƙon gwamnatin Katsina ta ajiye nas mai horon ƙwaƙwalwa a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, likita ya riƙa zagayowa duk wata, a kuma sassauta kuɗin allurar.

Naka,
Mai karatu daga Daura