Takardar Koke Kan Sabon Tsarin Tantance Tsofaffi Masu Doguwar Jinya

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni,
Cikin Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya'ya ga uba, mu ne masu jinyar tsofaffi a unguwannin da ke ƙarƙashin ikonka: 'ya'ya, matan aure, jikoki da wasu ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin sauraren talakawa.

Abin da ya faru a makon jiya ne ya hana mu ci gaba da shiru. Ofishin da ke biyan tallafin naƙasassu ya ce kowa sai ya zo da ƙafarsa a sake tantance shi, wanda bai zo ba a cire sunansa. Aka ɗauko tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki, a goye daga lungu zuwa bakin titi tunda adaidaita ba ta shiga, aka jera su a rana tun hantsi. Babu benci, babu banɗakin da keken guragu zai shiga, ga matattakala a ƙofar. Masu ciwon suga sun yi allurar insulin da safe, abinci bai samu a kan lokaci ba, sai gumi da karkarwa, har wata dattijuwa ta faɗi. Da la'asar aka ce sabis ya ɗauke, a dawo wani makon. Ranka ya daɗe, a dawo da wane ƙarfin?

Na'urar ɗaukar zanen yatsa ita ce babbar matsalar. Fatar tsoho ta bushe, zanen ya shafe, balle wanda ya shekara arba'in yana rini a Ƙofar Mata ko jima ko dako. Wanda ɓarinsa ya shanye kuwa yatsunsa a danƙare suke, ba sa miƙuwa a kan gilashi. Na'ura ta ƙi karɓa, ma'aikaci ya rubuta ba a same shi ba, alhali ga mutum zaune a gabansa. An kuma ce sunan da ke kan NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, dole ya zo daidai da na BVN, lambar shaidar banki, harafi da harafi. A nan an rubuta Muhammad, a can Mohammed; shekarar haihuwa dama kintata aka yi. Gyaran ma sai tsohon ya je da kansa, da kuɗi. Layin wayar da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani ya sayar wa wani, saƙon tantancewa can yake tafiya.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne cewar da aka yi ciwon ƙoda, suga da hawan jini cuta ce, ba naƙasa ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta lissafa larura mai daɗewa da ke hana mutum gudanar da rayuwarsa a matsayin naƙasa, ta ce a fara sallamar naƙasasshe a layi, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Mai wankin ƙoda yana buƙatar zama a kan injin sau 2 ko 3 a mako, kusan awa 4 kowane zuwa. In ya tsallake, ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Mai hawan jini da ya yanke magani saboda tallafi bai shigo ba, shanyewar jiki ta biyu yake jira. Na kwance kuma sai an juya shi duk bayan awa 2, ga famfas na manya, ga magungunan da suka yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin man fetur a 2023.

Mun je ofishin, mun rubuta, mun aika dattawa, mun sake komawa. Kullum amsar ɗaya ce: daga sama umarnin ya zo.

Don haka muke roƙonka, ranka ya daɗe, ka isar da kukanmu gaba. A dakatar da cire sunaye, a mayar da waɗanda aka cire, a biya su watannin da suka rasa. Wanda ba ya iya tashi a bi shi gida, ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi ya duba shi, mai unguwa da limami su shaida yana raye. Ai su suka san wanda aka yi wa salla da wanda ke kwance. In yatsa ya ƙi, a ɗauki hoton fuska. A karɓi katin asibitin da yake zuwa, kada a ce sai sabon rahoton likita duk shekara ga ciwon da ba ya warkewa. A yarda kowane tsoho ya naɗa wakili guda a rubuce. A sa su cikin tsarin lafiya na marasa galihu da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanada. Sanarwa kuma a yi ta a rediyo da masallatan Juma'a, da Hausa. Muna sake roƙo, a bi su gida, kada a ƙara fito da su rana.

Jerin gidajen da abin ya shafa yana hannun masu unguwanni, a shirye muke mu raka duk wanda ka turo. Allah ya ja zamanin Hakimi, amin.

Naka masu biyayya,
Masu jinyar tsofaffi na unguwannin cikin birni.