Tazarar 'yan asalin Taiwan da talakawan fararen Amurka: a daina ɗora ta a kan jini

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, na rubuto ne a kan shirinku na makon jiya, wanda aka tattauna halin rayuwar baƙi a Amurka. Ɗaya daga cikin waɗanda kuka gayyato ya kawo alƙaluma, ya nuna cewa 'yan asalin Taiwan sun yi wa waɗanda suke kiran kansu 'yan asalin Amurka fintinkau a ilimi da samun kuɗi. Daga nan ya yanke hukunci: wai mutanen Taiwan da ƙwazo aka haife su, su kuwa 'yan gida lalaci ya cinye su. Alƙalumansa ba ni da ja a kansu. Hukuncin ne bai kwanta mini ba, kuma ina roƙon ku ba ni fili in faɗi dalili, domin irin wannan magana ita ce ake yawan jifan mu da ita mu 'yan Arewa.

Da farko a san waɗanda ake magana a kansu. Tun daga 1980 hukumar ƙidaya ta Amurka take tambayar mutane asalin kakanninsu. Wani ya ce Jamus, wani Italiya, wani Meziko. Akwai kuma waɗanda suke amsawa da cewa asalinsu Amurka ne kawai. A ƙidayar 2000 sun kai kimanin mutum miliyan 20, kuma wannan amsa ce ta fi kowace yawa a jihohin Kentucky da Tennessee da West Virginia da Arkansas. Akasarinsu jikokin Turawan Ingila da Sikotlan da arewacin Ailan ne da suka zo tun ƙarni na 18, da yawansu suka shige tsaunukan Appalachia da ke gabashin Amurka, inda West Virginia take, har zancen inda aka fito ya ɓace a gidajensu. A ɗaya ɓangaren, waɗanda aka haifa a Taiwan suke zaune a Amurka ba su kai rabin miliyan ba. Fiye da bakwai cikin goma na manyansu suna da digirin jami'a, alhali a Amurka baki ɗaya abin bai wuce ɗaya bisa uku da 'yan kai ba, a West Virginia kuwa da ƙyar a sami ɗaya cikin huɗu. Matsakaicin abin da gidan ɗan Taiwan yake samu a shekara ya haura dala dubu 100, na West Virginia bai kai dubu 60 ba a 2022. Tazara ce babba, babu mai musu.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da baƙonku bai yi ba ita ce, wane ɗan Taiwan ne ya sami shiga Amurka?

Daga 1882 doka ta rufe wa ma'aikata 'yan ƙasar Sin ƙofar Amurka. Da aka soke ta a 1943, mutum 105 kacal aka yarje wa shiga a shekara. Sai a watan Oktoban 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar shige da fice, wadda ta rushe tsarin rabon gurbi da ya fifita Turawan arewacin Turai, ta ba da fifiko ga masu ƙwarewa da kuma dangin waɗanda suka riga suka zauna. A wancan lokaci Taiwan tana ƙarƙashin dokar soja, wadda ta daɗe daga 1949 zuwa 1987, kuma fita ƙasar ba abu ne na kowa ba. Hanyar da ta fi buɗewa ita ce ta ƙaro karatu. Har kirari ɗalibai suke yi, wai zo, zo, zo Jami'ar Taiwan. Tafi, tafi, tafi Amurka. Yaro ya tsallake jarrabawar shiga jami'a mai tsananin wuya, ya gama injiniyanci ko likitanci ko kimiyya, wata jami'ar Amurka ta ba shi gurbi da tallafi, ya sami biza, ya gama digiri na biyu ko na uku, kamfani ya riƙe shi. Mafi yawansu a shekarun 1960 da 1970 ba su koma ba. Bayan 1971, da Taiwan ta rasa kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuma 1979, da Amurka ta mayar da hulɗar jakadancinta Beijing, masu hannu da shuni suka tsorata, suka kwashi iyali da jari suka bi sahu. Su ne suka cika garin Monterey Park a Kalifoniya har ake ce masa ƙaramar Taipei, da unguwar Flushing a New York. Daga 1982 aka ware wa Taiwan gurbinta na mutum dubu 20 a shekara.

Manomin shinkafa da masunci da mai dako a tashar jirgin ruwa ta Kaohsiung ba su shiga wannan jirgi ba. Suna can gida. Saboda haka abin da baƙonku ya yi shi ne ya ɗauki garin da aka tankaɗe sau uku ya aza kusa da wanda ko rariya bai gani ba, ya ce dawar ce ta bambanta.

Ba ina rage wa mutanen Taiwan daraja ba ne. Sun yi aiki, kuma ƙasarsu ta shirya musu. Tsakanin 1949 da 1953 aka yi gyaran mallakar ƙasa, aka rage kason da mai gona yake karɓa daga hannun mai noma, daga baya aka mallaka wa masu noman gonakin. A 1968 aka wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro. Waɗannan matakai ne na hukuma, an zauna an tsara su, an kashe musu kuɗi. Ba a cikin jini aka same su ba.

Yanzu a juya a dubi ɗaya ɓangaren, domin nan ne raina ya fi ɓaci da kalmar lalaci. Mutanen tsaunukan Appalachia su ne suka haƙo kwal ɗin da ya narkar da ƙarfen Amurka, ya kunna wutar biranenta. Mutum ya shiga rami da asuba, ya wuni a durƙushe inda rufin bai kai tsawonsa ba, ya fito da almuru fuska baƙi ƙirin. A garuruwan da kamfanoni suka gina, gidan da yake kwana na kamfani ne, sau da yawa kuma ana biyansa da wasu kwabbai na kamfani waɗanda ba sa saye sai a kantin kamfani, inda kamfanin ne yake yanka farashi. Arzikin ƙarƙashin ƙasa tun tuni aka saye shi da arha daga hannun kakanninsu, ribar tana tafiya ga masu jari a wasu birane. Da suka nemi kafa ƙungiyar ƙwadago, a 1921 aka gwabza da su da bindigogi a Dutsen Blair, har sai da aka turo sojan tarayya. Da yawa sun tsufa da ciwon huhu na ƙurar kwal, numfashi yana gagarar su. Wanda ya yi wannan rayuwa, a kira shi komai amma ban da malalaci.

Sannan injina suka zo, daga baya iskar gas ta kwace kasuwa. West Virginia da take da masu haƙar kwal fiye da dubu 100 a wajajen 1950, yau ba su kai dubu 20 ba. Ƙaramar hukumar McDowell tana da mutane kusan dubu 100 a 1950. A ƙidayar 2020 dubu 19 da 'yan kai suka rage. Su wa suka tafi? Matasa, da masu ɗan ilimi, da masu ƙarfin neman aiki a Ohio da Michigan. Wato nan ma an yi zaɓe, sai dai a juye. Taiwan ta aika wa Amurka zaɓaɓɓunta, Appalachia kuwa zaɓaɓɓunta aka kwashe, aka bar tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ba su da kuɗin mota. A kan wannan rauni ne aka sako maganin kashe zafi na OxyContin a 1996, aka tallata shi ga likitoci da cewa ba ya kama mutum sosai. Kamfanin Purdue Pharma, mai yin maganin, ya amsa laifi a kotu a 2007, ya sake amsawa a 2020, amma kafin nan West Virginia ta zama kan gaba a duk ƙasar wajen yawan mutuwa ta hanyar ƙwaya. Duk wanda ya ga abin da kodin da taramadol suka yi wa matasanmu a Kano da Kaduna ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Wani abin lura shi ne, Johnson ɗin nan da ya buɗe ƙofar baƙi a 1965, shi ne ya je gabashin Kentucky a watan Afrilun 1964 ya zauna a barandar wani magidanci marar aiki yana yekuwar yaƙi da talauci, kuma a 1965 ɗin ya kafa hukumar raya yankin Appalachia. An yi tituna, an yi asibitoci, talauci ya ragu ƙwarai a kan yadda yake a da. Amma ba a sami sana'ar da ta maye gurbin kwal ba.

Akwai labarin da ya haɗa ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya. Jensen Huang, shugaban kamfanin Nvidia mai tsara ƙwaƙwalen kwamfuta, an haife shi a Taiwan a 1963. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka tura shi Amurka tare da wansa, wani ɗan'uwansu ya sa su a makarantar kwana ta Oneida da ke ƙaramar hukumar Clay a Kentucky, yana zaton ta 'ya'yan manya ce, ashe har da kangararrun yara ake kaiwa can. Aikinsa kullum wanke banɗakin ɗalibai, wansa kuma yana aiki a gonar taba. Kamar yadda shi da kansa yake bayarwa, abokin ɗakinsa saurayi ne ɗan shekara 17 mai tabon wuƙa a jiki, wanda bai iya karatu ba. Huang ne ya riƙa koya masa karatu, wancan kuma yana koya masa ɗaga ƙarfe. Yara biyu, ɗaki ɗaya, abinci ɗaya. Sai dai mahaifin Huang injiniya ne, mahaifiyarsa malamar makaranta ce, kuma bayan kimanin shekara biyu suka iso suka ɗauke shi zuwa jihar Oregon, inda ya yi jami'a, daga nan sai Jami'ar Stanford, sai kafa Nvidia a 1993. Ƙaramar hukumar Clay kuwa, a 2014 jaridar New York Times ta auna ƙananan hukumomin Amurka ta sanya ta a matsayin wadda rayuwa ta fi wuya a cikinta. Huang ya sha wahala, ya kuma yi ƙoƙari, har kwanuka ya wanke a gidan abinci. Amma ya zo da abin da ɗan Clay ba shi da shi, wato gida mai littafi da iyaye masu hanyar fita. Haka Lisa Su ta kamfanin AMD, mahaifinta masanin ƙididdiga ne. Haka Jerry Yang na Yahoo, mahaifiyarsa malamar Turanci ce tun a Taiwan.

In da jinin Asiya ne sirrin, da 'yan Hmong na Laos da 'yan ƙasar Bama, wato Myanmar, da suka shiga Amurka a matsayin 'yan gudun hijira sun zama attajirai nan take. Ba haka aka yi ba. Sun shiga babu digiri babu Turanci, suka daɗe cikin talauci. Kuma ko dala dubu 100 ɗin a yi mata adalci: da yawa daga 'yan Taiwan suna zaune ne a Kalifoniya da New York, inda kuɗin gida yake cinye albashi, alhali West Virginia tana sahun gaba a Amurka wajen yawan masu zama a gidan kansu.

Abin da ya sa na damu, Malam Edita, shi ne mu ma ana yi mana wannan lissafi. Ana cewa kimanin shida cikin goma na 'yan Najeriya mazauna Amurka suna da digiri, sai ka ji muna ta murna da alfahari. To amma su wa ake ba biza? Likitan da talaka ya biya wa karatu a Zariya ko Maiduguri, da injiniya, da ma'aikaciyar jinya. Ƙididdigarsu tana ƙawata mu a waje, asibitin ƙauye kuma babu likita. Sannan a gida a juyo a ce wa yaron da ba a gina masa aji ba, ba a kai masa malami ba, shi ne ba ya son karatu.

Darasin Taiwan da ya kamata shirinku ya tono yana wani wuri daban. Gwamnatinsu ta buɗe dandalin masana'antun kimiyya na Hsinchu a 1980, ta riƙa bin 'ya'yanta har Amurka tana lallashinsu su dawo, tana ba su wurin aiki da jari da makarantar 'ya'ya. Ta gayyato Morris Chang, wanda ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments, ya kafa TSMC a 1987 da jarin gwamnati a ciki. Yau kamfanin ne kan gaba a duniya wajen ƙera ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta da na waya, har Amurka ta yi zawarcinsa ya gina mata masana'anta a jihar Arizona.

Don haka ina roƙon ku sake waiwayar wannan batu. Ku gayyato wani likita ko injiniya namu da ya yi aiki a waje ya dawo, a tambaye shi me ya tarar, me ya kusa mayar da shi. Ku gayyato jami'in ilimi na jiha ya faɗa mana yara nawa ne suke gama aji tara a ƙaramar hukumarsa. Kuma duk baƙon da zai sake kawo muku alƙaluman wata al'umma a ƙasar waje, don Allah mai gabatarwa ya tambaye shi yadda suka shiga ƙasar da abin da suka shiga da shi.

Na gode da fili. Allah ya ƙara basira, ya ja zamaninku.

Naku mai sauraro a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Zariya.