Wasiƙa zuwa ga aminina a Maraɗi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Mu nan Kano sai godiya.

Na ga saƙonka kan ƙaninka da ke son barin shago ya koma rubuta manhaja, kana tambaya ko aikin ƙwararru ne ko kuwa abin da kowa zai iya koya a wata uku. Ka tuna zamanmu a shagon telan unguwarmu? Sati biyu yaro ya iya taka keke, amma shekara nawa yake yi kafin maigida ya miƙa masa almakashi da shaddar mutane? To haka abin yake. Python ɗin nan, harshen rubuta manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ƙaninka zai fara rubutu da shi kafin wata ya ƙare. Gwamnatinmu ta Najeriya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani. Ban raina ba, amma takun keke ne.

Bari ka ji inda almakashi ya yanke ni. Bara na yi wa wani ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya. Tana aiki lafiya lau, sai ƙarshen shekara jimilla ta ƙi haɗuwa da littafinsa. Kwana uku ina bin rubutuna layi-layi, shayi na hucewa a gefe, Alhaji kuma na kira bayan kowace salla: "Injiniya, ina kuɗina suka shiga?" Ashe ni ne nake datse kobo a kowane ciniki maimakon in bari sai an tara. Layi ɗaya tak! Ba darasin da ya taɓa gaya mini wannan, kunya ce ta koya mini.

Manya ma ba su tsira ba. A Yulin 2024 gyara ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai.

Don haka kada ya rufe shagon tukuna. Ya riƙa koyo da dare, ya fara da rubuta abin da zai riƙe masa lissafin bashin da yake bin mutane. In Allah ya kai mu Salla ka turo mini shi da kwamfutarsa, in ba shi tsohon aikina mai cike da kurakurai ya gyara. Kada ya zo hannu rabbana, kilishin nan naku nake jira.

Ka gaida Inna da yara.

Naka amini,
daga Kano