Shirun mage da kare: hutu ne, ko ciwo ne?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu amsa wata tambaya da masu kiwon mage da kare ke yawan yi a nan Sakkwato. Mutum zai ga magensa ta naɗe ƙafafu a gindin randa, ido a lumshe, ba barci take yi ba kuma ba ta motsi, sai ya ce ko halwa ta shiga? Ko su ma dabbobi suna yin irin tattara hankalin nan da likitoci ke cewa yana rage wa ɗan Adam damuwa?

Wannan tattara hankali, wato tafakkuri, aiki ne na niyya. Mutum ne ke zaɓar ya zauna, ya lura hankalinsa ya tafi wani wuri, ya janyo shi. Babu wata hujja da ta nuna mage ko kare na yin haka. Tasbihin halittu kuwa, wanda aya ta 44 a Suratul Isra'i ta ce ba ma fahimtarsa, fagen malamai ne, mun bar musu. Abin da ya shafe mu shi ne jiki, kuma a nan shirun dabba yana da amfani babba, yana kuma iya ɓoye ciwon da zai kashe ta.

Mage kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a yini, kare 12 zuwa 14, kwikwiyo ya fi haka. Galibin na mage gyangyaɗi ne, ido a rufe amma kunne na juyawa yana bin sauti, domin tana jin siririn sautin da ya kai hertz 64,000 (hertz ma'aunin kaifin sauti ne), alhali kunnen mutum ya tsaya a wajen 20,000. Shi ya sa idan ta ƙura wa bango ido mutane su ce aljanu take gani, nan kuwa motsin ɓera ko tsaka take saurare. Barci mai nauyi ma suna yinsa. Tun 1959 wani masani mai suna Michel Jouvet ya yi nazarin barcin mafarki a jikin maguna a birnin Liyon na Faransa. A wannan mataki ne za ka ga ƙafa na ɗan harbawa, gashin baki na rawa. Kada a bar yaro ya taɓa dabba a lokacin, don ta firgita sai ta kai cizo.

Dabbar da ke hutawa da gaske jikinta a sake yake. Kare zai kwanta a gefe ɗaya ya miƙe ƙafafu, baki a rufe ko a ɗan buɗe, in ka kira sunansa ya ɗaga kunne ko ya kaɗa wutsiya. Amma ido kan yaudari mutum, gara a ƙirga numfashi. A jira sai dabbar ta yi barci a inuwa, a kalli haƙarƙarinta: ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. A ƙirga na daƙiƙa 30, a ninka biyu. Mai lafiya ba ta wuce 30 a minti ɗaya. In aka gwada sau biyu ko uku ana samun fiye da haka, akwai yiwuwar matsalar zuciya ko huhu. Mage da ta buɗe baki tana haki kamar kare kuwa a kai ta asibitin dabbobi a ranar, kada a bari ta kwana.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gurnanin nan mai laushi da mage ke yi, wanda ake ɗauka alamar jin daɗi ce kawai. Tana yinsa in ana shafa ta, haka ne, amma tana yinsa a lokacin naƙuda, da lokacin da ta ji rauni, har da lokacin da ta kusa mutuwa. Mage mai ciwo takan duƙa ta tattare jiki, kai ƙasa, kunnuwa sun baje gefe, ta daina lasar jikinta har gashin ya cukurkuɗe. Idan ta yi kwana biyu ba ta ci ba, hantarta na cikin haɗari. Muzurun da ke tsugunawa ya daɗe fitsari bai fito ba, mafitsara ce ta toshe, kuma wannan kan kashe cikin kwana biyu ko uku. Muna roƙon jama'a don Allah kada a ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka ta.

Na kare kuma, a garin nan zafi ne kan gaba. A watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, shi kuwa kare ba ya zufa sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake rage zafi. Zafin jikinsa na lafiya bai wuce 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya ba, in ya haura 41 kayan ciki sun fara lalacewa. Karen da ya yi ta haki sannan ya yi laƙwas, dasashi ya yi ja wur, ba hutawa yake yi ba. A kai shi inuwa, a riƙa zuba masa ruwan randa a wuya da ciki da cinyoyi ana yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma don yana riƙe zafi, sannan a wuce asibitin dabbobi. In kuma dasashin ya yi fari fat kuma akwai kaska a kunne da tsakanin yatsu, mai yiwuwa cutar jini ce da kaska ke sawa.

Akwai wani shirun da ya fi duka tsoratar da mu. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da haushi da bin mutane ba. Wani karen sai ya yi tsit, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale ya sa hannu a bakinsa. Kada a yi haka ko kusa. Wanda aka ciza ko yawun ya taɓa masa rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafi ana yi wa kwikwiyo tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, kuma mage ma tana buƙatarta. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitocin dabbobi na jiha suna nan.

Karen da aka ɗaure da sarƙa dare da rana har ya daina haushi, ana cewa ya natsu, shi ma abin tausayi ne. Gajiya ya yi da neman mafita. Za ka gan shi yana yawan hamma, yana lasar leɓe, yana kawar da kai.

Wanda ke son dabbarsa ta samu natsuwar gaske, ya ware mata wurin da yara ba sa zuwa. Mage ta fi son wuri mai tudu ko kwali mai ƙofa ɗaya. Kare a ba shi inuwa da ƙasa mai danshi, nesa da rumfar kwano, da ruwan sha da ake sauyawa safe da yamma. A fita da shi bayan asuba ko gab da magariba, a bar shi ya yi ta shinshina, don wannan na kwantar masa da hankali. Abinci a lokaci ɗaya kullum. In ana son sabo da mage, a zauna nesa kaɗan, a lumshe ido a hankali a buɗe, kada a ƙura mata ido. Wani bincike na Jami'ar Sussex ta Ingila a 2020 ya nuna maguna kan mayar da irin wannan lumshe ido, kuma sun fi kusantar baƙon da ya yi musu shi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Sakkwato.