Kafin jirgin Kano zuwa Maraɗi ya iso, a duba yadda fasinja zai shiga gari

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana a kan sufuri, saboda tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta Kazaure da nan Daura da Katsina har Jibiya, ba a ɗaukar lokaci sai wani ya turo bidiyon jirgin Japan ɗin nan mai dogon hanci a guruf ɗinmu na WhatsApp, ana ta Allah ya kai mu, ana ta zancen gudu. To ni Allah ya nufa na je Tokyo wani kwas na wurin aiki, na hau mai gudun na kuma hau ƙananan na cikin gari, kuma wallahi abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne tun daga saukarka jirgin sama har ƙofar masaukinka babu inda za ka tsaya da kaya a hannu kana tunanin to yanzu kuma me zan hau. Wannan nake so mu tattauna tun kafin namu ya fara aiki.

Bari in fara da zuwan, ko don ɗalibai da 'yan kasuwarmu masu shirin tafiya. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Japan, dole ka yada zango a irin su Addis Ababa ko Doha ko Istanbul, kuma agogonsu ya riga namu da awa 8, sai a shirya ma rikicewar barci. Filin jirgi biyu gare su a Tokyo, Narita da Haneda. Narita yana can wajen gari kusan kilomita 60, to amma tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin filin jirgin take, kana ɗaukar jakarka ka sauka ƙasa shi ke nan ka iso. Akwai Narita Express da zai kai ka babbar tashar Tokyo cikin kamar awa ɗaya a kan wajen yen 3,000 (yen shi ne kuɗinsu), akwai Skyliner da ke zuwa Ueno cikin kamar minti 40, akwai kuma na talaka mai tsayawa tasha-tasha wanda ya fi su araha nesa ba kusa ba. Ka da ka yarda ka ɗauki tasi daga Narita, kuɗin yana haura yen 20,000. Haneda kuwa kusa da gari yake, akwai jirgi mai tafiya a kan dogo ɗaya da ke aiki tun 1964 ya sauke ka Hamamatsucho, ko ka hau na Keikyu zuwa Shinagawa.

Abu na farko da za ka mallaka shi ne kati. Suica ake ce ma ɗaya, kamfanin JR East ya fito da shi 2001, ɗayan Pasmo ya zo 2007, kuma duk wanda ka riƙe aikinsu ɗaya. Ka ajiye yen 500 na jingina ka loda mashi kuɗi a na'ura, in za ka shiga tasha ka ɗora shi a kan ƙofar ta yi ɗan ƙara ka wuce, in ka isa inda za ka ka sake ɗorawa, ɗan gilashi ya nuna maka nawa aka cire nawa ya rage. In kuɗin bai isa ba wasu 'yan fukafukai ne za su tare maka hanya, ga na'urar cikawa nan a gefe, ka cika ka wuce ba wanda zai ɗaga maka murya. Ba ciniki, ba babu canji, ba a kallon rigarka ko jakarka a yanka maka kuɗi. Kuma fa ba kamfani ɗaya ke da jiragen ba, Tokyo Metro na da layi 9 na ƙarƙashin ƙasa, gwamnatin birnin na da 4, ga JR, ga na 'yan kasuwa irin su Odakyu da Keio da Tobu da Seibu, kowa da dukiyarshi da lissafinshi, amma suka zauna suka yarda cewa fasinja kati ɗaya zai riƙe su kuma su raba kuɗin a tsakaninsu. Da katin nan za ka hau bas, da shi za ka sayi ruwa a kanti, in ka je Osaka ma yana aiki.

Wanda ya fahimci layin Yamanote ya fahimci rabin garin. Zagaye yake yi, kilomita 34 da rabi, tasha 30, cikin kamar awa ɗaya ya dawo inda ya taso, kuma jirgi na zuwa duk bayan 'yan mintuna har ba ka buƙatar duba agogo. Ni kamar ganuwar Katsina na ɗauke shi, kowace babbar tasha ƙofa ce, yadda in ka fita Ƙofar Ƙaura ka san inda ka nufa in ka fita Ƙofar Sauri ka san inda ka nufa, haka Shinjuku da Shibuya da Ikebukuro da Ueno da Shinagawa, daga kowace wasu layukan ke fita zuwa unguwannin bayan gari inda mafi yawan ma'aikata ke kwana. Zoben nan tun 1925 aka haɗe shi, jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko wato layin Ginza 1927, shi kuwa mai gudun da muke ta yabo, Shinkansen, sai 1964 ya fara aiki tsakanin Tokyo da Osaka. Ka ga ke nan ya zo ya tarar da abin da zai rarraba fasinjojinshi cikin gari. Yau yana cinye kilomita 515 ɗin nan cikin awa biyu da rabi, amma da a ce in ka sauka sai ka yi awa guda kana neman abin hawa ai da an yi ba a yi ba.

Wani abin da ya burge ni sosai, kuma ba tsada gare shi ba, shi ne yadda suka sauƙaƙa ma wanda bai iya karanta rubutunsu ba. Kowane layi da launinshi da harafinshi, kowace tasha da lambarta. Misali ranar Juma'a in kana son zuwa babban masallacin Tokyo Camii, wanda Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000, tashar Yoyogi-Uehara za ka sauka, a layin Chiyoda mai launin kore lambarta C01, ko ka hau Odakyu daga Shinjuku, daga tashar tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa ka hango hasumiya. Ba sai ka iya furta sunan ba, ka bi kore ka ƙirga lamba. Na riƙa tuna iyayenmu da ba su yi boko ba, tsohuwa ta taso daga ƙauye za ta asibiti a Katsina, da a ce motocin da ke zuwa can duk launi ɗaya ne da lamba ɗaya ai ba sai ta yi ta tambaya ana yi mata kwatance ba. A ƙasa kuma akwai wasu tubala rawaya masu ƙuraje da makafi ke bi da sanda tun daga titi har bakin jirgi, a Japan aka ƙirƙiro su, aka fara shimfiɗa su a Okayama 1967.

Sai maganar lokaci. In allo ya ce 8:14 to 8:14 ɗin ne, ko mutum uku ne a ciki tashi zai yi, ba a jiran mota ta cika. Na tsaya kusa da gaban jirgi na ga direba da farar safar hannu yana nuna sigina da yatsa yana faɗin abin da ya gani da baki, shi kaɗai, haka yake yi a kowace tasha don kada hankali ya tafi wani wuri. In kuma aka yi latti akwai 'yar takardar shaida da tasha ke bayarwa ka kai ma maigidanka a ofis. Mu nan kowa ya san yadda ake sammako a je tasha a zauna cikin mota ana jiran mutum ɗaya, rana ta take, mai ganin likita ya rasa layi, ɗalibi ya rasa lacca, kuma ban ga laifin direba ba tunda tun da aka cire tallafin mai a 2023 in ya tashi da kujera babu kowa daga aljihunshi ne.

Ba wai komai nasu daidai ne ba, gaskiya a faɗe ta. Cunkoson safe tsakanin bakwai da rabi zuwa tara abin tsoro ne, tashar Shinjuku kaɗai mutum sama da miliyan 3 ke ratsa ta a rana, mai manyan akwatuna ya guji lokacin. Wajen sha biyun dare zuwa ɗaya jirage ke tsayawa sai kusan biyar na asuba, wanda ya makara ya shiga hannun masu tasi. Matsin cika lokacin ma ya taɓa jawo bala'i, a 2005 a Amagasaki kusa da Osaka direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce ƙa'ida bayan ya ɗan makara, jirgi ya kauce ya daki gini mutum 107 suka rasu, wannan darasi ne ga duk wanda zai riƙe direbobi. Shirun da suke yi a cikin jirgi kuma, ba waya ba hira, ni ban ce mu kwaikwaya ba, gaisuwarmu da ya gida ya iyali abu ne mai kyau. Amma taragon da suka ware ma mata zalla a lokacin cunkoso, wannan kam mu muka fi cancanta da shi, ya kamata a sa shi cikin tsari tun ranar farko.

Da na tambayi yadda kamfanonin ke riƙe kansu sai aka nuna mani cewa ba tikiti kaɗai ke ciyar da su ba. Tashar kanta kasuwa ce. Wani ɗan kasuwa Kobayashi Ichizo mai kamfanin Hankyu shi ya yi fice da dabarar a Osaka, ya shimfiɗa dogo ya gina gidaje a gefenshi ya sayar, sannan a 1929 ya buɗe katafaren kanti a kan tashar Umeda, wanda ya sauka ya yi sayayya wanda zai yi sayayya ya hau jirgi. Kana fitowa ƙofar tasha kuma ga bas-bas nan a jere kowace da lambarta da lokacinta, ga layin tasi, ga wurin ajiye kekuna. Sannan a birni irin Tokyo ba za a yi ma motarka rajista ba sai ka nuna shaidar kana da wurin ajiye ta, shi ya sa da yawa ba su damu da mallakar mota ba.

To Malam Edita ga inda na nufa. Wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san Idu da Rigasa ba a tsakiyar gari suke ba, sauka daga jirgi rabin tafiya ce. Layinmu mai kilomita 284 aikin gwamnatin tarayya ne, amma abin da zai faru a ƙofar tashar Daura da ta Katsina da ta Jibiya namu ne, na gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da masarautu. Ina roƙo tun yanzu a killace filin da ke kewaye da tashoshin kafin a yanka shi fuloti-fuloti, a fitar da wurin bas da na a-daidaita-sahu da na 'yan kabu-kabu, da rumfunan kasuwa da masallaci da banɗaki, kuɗin hayar rumfunan ya riƙa kula da wurin. A sa motocin da za su riƙa tashi daidai da isowar jirgi ko sun cika ko ba su cika ba, gwamnati ta ɗauki giɓin a farko har mutane su saba, a rubuta kuɗin kowace unguwa ɓaro-ɓaro a allo da Hausa da ajami. Kuma don Allah kada a ce za a kori yaranmu masu babura da Keke Napep, da abin suke ciyar da gida, a zauna da shugabannin ƙungiyoyinsu a yi masu rajista a ba su lamba da layi, su ne za su shiga lungunan da bas ba ta shiga.

Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya nan a Daura, malamai da ɗalibanta za su iya fita su ƙirga mutum nawa ke zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina da Kano a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, daga wace unguwa suke tasowa, nawa suke kashewa, su miƙa ma gwamnati taswirar layukan cikin gari kafin jirgin farko ya iso. Ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakili ya tambayi hukumar sufuri ta jiha da 'yan majalisarmu wane shiri ake yi a kan wannan, ku buga mana amsar mu karanta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka. Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Daura, Jihar Katsina.