Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar tsakuwa da fentin mota

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhazai, Hajiyoyi da 'yan'uwanmu direbobi, muna gaisuwa da fatan alheri. Magana ta yi yawa a kan fentin da ke fita daga garejinmu. Wasu sun dawo da mota bonet duk ɗigo-ɗigon fari, wasu ko dawowa ba su yi ba, sai dai mu tsinci labari a majalisa wai mun koma feshin fenti mai araha. Abin ya yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara mu yi bayani kowa ya ji.

Gaskiya ne dilan da muke sayen kaya wurinsa ya canza mana kiliya, wato shafin ƙarshe marar kala da ke ba fenti sheƙi da kariya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan fenti na waje suka yi tashin gwauron zabo, irin da muka saba da ita ta yi ɓatan dabo a kasuwa. Ba mu muka zaɓi canjin ba. Wadda muke fesawa yanzu ma mai hadina ce, wato sinadarin da ke sa ta tauri, kashi 2 na kiliya da kashi 1 na hadina kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwani, kuma ba ma labta tina, ruwan tsinka fenti, don kaya su yi auki. Man janaretan da ke tuƙa kwampireso ya ninka, amma ba mu rage ko shafi ɗaya ba.

Abin da yawancinku ke gani saran tsakuwa ne. Fentin kamfanin ƙera mota gaba ɗayansa, firama (shafin da ake yi kafin kala) da kala da kiliya, kaurinsa kaɗan ya ɗara takardar littafi. Tayar motar gabanka ta cafki tsakuwa ta wurgo, kai kuma ka tarbe ta da gudu. In gudun ya ninka, ƙarfin dukan sau 4 yake ninkawa. Sannan a kamfani gasa fenti ake yi a zafin da ya kai digiri 140, namu kuwa iska ke busar da shi. Washegari ka taɓa ka ji ya bushe, amma sai ya yi kamar wata guda kafin ya yi tauri. Wanda ya karɓi mota ranar Alhamis ya hau hanyar Zariya ranar Asabar yana bin bayan tifa, don Allah ya yi mana adalci.

Ga yadda za ku bambance. Saran tsakuwa a gaba yake taruwa: bakin bonet, bamba, bayan madubi, sai ƙasan ƙofa inda tayarka ke watso ƙasa. Ƙarami ne, bakinsa a yanke, fentin da ke kewaye da shi kuma yana nan daram. Aikin da bai kama ba kuwa salewa yake yi falle-falle, ko ya yi bororo, har a rufi da but inda tsakuwa ba ta cika kaiwa ba. Ku manna salatif kusa da wurin ku fizge. In fenti ya biyo shi, ku kawo mana motar.

Kariya ta farko ita ce tazara. Bayan ƙaramar mota ku bar sakan 3, bayan tifa ko tirela ku ninka. Inda ake aikin hanya aka baza tsakuwa, ku sauko zuwa gudun kilomita 40 a awa. Robar bayan taya da samari ke cirewa don gayu, a mayar da ita, ita ke tare ƙasan ƙofa. Mai yawan tafiya ya sa ledar kariya marar kala a bamba da bakin bonet. Kaurinta kusan milimita 0.2 ne, tana shanye dukan. Sai dai kada a manna ta kan sabon fenti sai bayan wata guda, kuma mai araha rana kan mayar da ita rawaya. Folish da seramik suna sa sheƙi, suna sauƙaƙa wanki, amma ba sa tare tsakuwa, ko me mai sayarwa ya ce.

In ta riga ta sara har ƙarfe ya bayyana, kada a bari damina ta same shi, domin tsatsa ta ƙarƙashi take ci. A wanke, a goge da sifirit, a kankare tsatsar da ɗan guntun sanfefa. A ɗiga firama da tsinken sakace, a bari ta bushe, sannan kala siriri-siriri, minti 30 tsakani, sai kiliya. Bayan mako guda a lallaɓa da sanfefa lamba 2000 da ruwa, a yi folish. Don samun kalar da ta dace, lambar kalar Toyota tana jikin takardar ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR, misali 040 fari, 1F7 ruwan azurfa. Jan farce da wasu ke shafawa ba ya daɗewa.

Ta ɓangarenmu, muna kan magana da dila, akwai kuma gyare-gyaren da muke shiryawa, za ku ji in sha Allah.

Muna godiya ga iyayenmu da suka fara kawo mana Peugeot 504 haɗin Kaduna, yau 'ya'yansu ke kawo Corolla, da direbobin tasha da suka riƙe mu lokacin da rumfar kwano kawai muke da ita. Wanda ke da ƙorafi ya zo da motar mu duba tare, duba kyauta ne, Asabar zuwa Alhamis.

Wassalam,
Dukkanmu na gareji